Hukuncin rubuta sunan Allah a bango don hana fitsari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai fenti ne, ina rubuta allunan shaguna. Wani maigida ya ba ni aikin rubuta Ayatul Kursiyyu a katangarsa ta lungu, saboda mutane sun mayar da wurin mafitsara, yana ganin duk wanda ya ga sunan Allah zai ji nauyi. Haka kuma lokacin zaɓe akan biya ni in rubuta sunayen 'yan takara a bangaye cikin dare. Mene ne hukuncin waɗannan ayyuka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na biyun ba ya buƙatar dogon bayani. Bango dukiyar mai shi ne, ba ya halatta a ɓata shi sai da yardarsa, kuma katangar makaranta ko asibiti ko gada ta fi nauyi, domin haƙƙin jama'a ne da ba ka san wanda za ka nemi yafiyarsa ba. Aikin da ba ka iya yi sai dare ya tsala shaida ne cewa masu bangon ba su yarda ba, don haka kuɗinsa ba halal ba ne.

Na farkon kuwa, maigida ya ba da izini, amma izininsa bai wuce katangarsa ba. Ba shi da ikon ajiye maganar Allah inda najasa ke fantsama. Imam Nawawi ya ambata a littafinsa Attibyan cewa makaruhi ne a zana Alƙur'ani ko sunayen Allah a jikin bango, Imam Malik ma ya ƙi a rubuta aya a alƙiblar masallaci. Wannan fa a wuri mai tsarki ke nan. Inda aka tabbatar ana fitsari, hukuncin ya kai ga haramci.

Akwai masu cewa ya halatta tunda niyyar mai kyau ce, kuma dabarar tana aiki. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Kyakkyawar niyya ba ta halatta mummunar hanya, kuma Annabi (SAW) ya hana a yi tafiya da Alƙur'ani zuwa ƙasar abokan gaba don gudun kada su wulaƙanta shi, alhali wulaƙancin can tsammaninsa kawai ake yi, naku kuwa kullum ana ganinsa. Sannan su wa rubutun zai hana? Wanda ya iya karatu, yana da tsoron Allah, ya zo da rana. Yaro da mahaukaci da ɗan maye da wanda ya zo cikin duhu babu abin da zai tsayar da su, balle akuya da kare. Bayan damina biyu fentin zai ɓare ya zuba cikin kwata, ko wani ya manna hoton ɗan takara a kan ayar. Ba a saukar da Alƙur'ani don ya zama maigadin katanga ba.

Ka shawarci maigidan ya sa fitila a lungun, ya rubuta gargaɗi da Hausa ba tare da sunan Allah ba, ya kai kuka wurin mai unguwa. Kada ka yarda ka rubuta masa tsinuwa, ko da yake hadisin Muslim ya tsoratar da mai biyan buƙata a kan hanyar mutane ko inuwarsu, domin ita ma sunan Allah za ta ɗauka zuwa wurin. In har ka riga ka rubuta, ka kankare shi a hankali, ka tara ɓawon fentin ka binne a wuri mai tsarki, ka mayar masa da kuɗinsa. Bangayen da ka ɓata lokacin zaɓe kuma ka shafe su da fentinka, ka nemi afuwar waɗanda ka sani. Allah ne mafi sani.