An dakatar da lasisina, zan iya tuƙi da na ƙasa da ƙasa?

Malam, ka ce an dakatar da lasisinka na wata shida saboda gudun wuce sa'a, kana son sanin ko lasisin ƙasa da ƙasa zai fid da kai. Ba zai yi ba.

Lasisin ƙasa da ƙasa ɗan littafi ne da ba ya tsayawa da ƙafarsa. Bayanan lasisinka na gida ne aka rubuta cikin harsuna da dama, don ɗan sandan wata ƙasa ya iya karantawa. Dole ka riƙe su biyun tare, kuma in na gida ya faɗi, shi ma ya faɗi. Ban da haka, ba ya aiki a ƙasar da ta bayar da shi. Iri biyu ne aka fi sani: na yarjejeniyar Janiba ta 1949 mai shekara ɗaya, da na Biyana ta 1968 wanda kan kai shekara uku.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su ce ai kusa za su je. Tuƙi bayan dakatarwa laifi ne daban, ya fi na farkon nauyi. A Ingila yana iya kai mutum gidan yari. In kuma tsautsayi ya gitta, kamfanin inshora na iya zame jiki ya bar ka da biyan diyya.

Kada kuma ka sayi lasisin ƙasa da ƙasa a intanet, jabu sun yi yawa.

Duba takardar hukuncin da kyau, akwai wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma gajere ne. In da tuƙin kake ciyar da iyali, ka garzaya wurin lauya kafin wa'adin ya cika.