Kwamfutar da ba ta motsi, me za ta yi da Wi-Fi?

Tambaya: Salam malam. Ina da shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista, kwamfutata ta tebur ce ba laftof ba. Wani ya ce in saka mata Wi-Fi, ni kuma na ga ai wuri ɗaya take zaune, to meye amfaninsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya in kana da rauta (na'urar da ke rarraba intanet) kusa kuma kebul zai kai, kebul ɗin ya fi, ba yankewa ba jan ƙafa, kebul ɗin intanet irin Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar har mita 100 lafiya lau. Amma daga ina intanet ɗinka yake zuwa? Yawancinmu MiFi ne (ƙaramar rautar da ake saka wa sim) na MTN ko Airtel, ko kuma hotspot na waya, kuma ƙananan MiFi ɗin nan galibi ba su da ramin kebul ma. Sannan sabis ba a kan teburinka ya fi ƙarfi ba, a bakin taga yake, to ka ga sai ka ajiye MiFi can inda yake kamawa kwamfuta kuma ta jawo daga inda take, ba sai ka huda bangon mai shago ba balle a yi rigima.

Babban amfaninsa a wajena shi ne ranar da layi ɗaya ya ƙi. Ɗalibai sun cika shago ana rajista, shafi ya tsaya yana ta juyawa, kawai sai ka kunna hotspot na wayarka mai wani layin ka haɗa, cikin minti ɗaya aiki ya ci gaba. Eh ana iya yi da kebul ɗin caja ta USB, amma wayar ta zama ɗaurarriya kenan. Haka firinta mai Wi-Fi, kwamfuta biyu uku duk za su tura mata aiki.

Wajen saye, na'urar da ke ba kwamfuta Wi-Fi kala biyu ce. Akwai ƙaramin adafta na USB kamar filash, TP-Link da ire-irensa, soka shi kawai za ka yi, Windows 10 da 11 sukan gane shi da kansu amma Windows 7 sai ka saka masa diraiba, wato manhajar da ke sa ya yi aiki. Akwai kuma kati na PCIe da ake buɗe akwatin kwamfutar a dasa a ciki, mai eriya biyu a baya, shi ya fi jan sabis kuma da yawa suna zuwa da Bluetooth. Ka nemi mai ɗaukar siginar Wi-Fi iri biyu, 2.4GHz da 5GHz duka, na 5 ya fi gudu amma bangon bulo yana kashe shi da wuri, na 2.4 ya fi nisa.

Kuma don Allah kar ka soka ɗan adaftan a bayan akwati sannan ka tura shi ƙarƙashin tebur jikin bango, ƙarfen akwatin yana tare sigina, sai ka ce kayan jabu ne. Sa shi a ramin gaba, ko ka sayi ɗan kebul ɗin ƙari na USB ka ɗago shi saman tebur.