Amsa kan masu jiragen yawo da tseren kulob

Malam, ka tambaya me ya sa masu jiragen ruwa na filafilai na yawon shaƙatawa ba su cika shiga tseren kulob ba, ko don gudun a bar su a baya ne. Na daɗe ina hawa jiragen mutane a mashigin Solent da ke kudancin Ingila, kuma a ganina ba saurin jirgi ne matsalar ba. Akwai tsarin IRC a nan, da PHRF a Amurka, inda ake gyara lokacin kowane jirgi gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ya iso daga baya ma yana iya ɗaukar kofi.

Gaskiyar magana, jirgin yawo gida ne. Ga sarƙar anka a hanci, ga tankin ruwa cike, ga tukunyar gas da kwanukan uwargida a ciki. Sai a ce mai jirgin ya kai wannan gidan bakin layin farawa, inda minti 5 kafin a busa ƙaho jirage ke ta kewaya juna, kowa na ihu a ba shi hanya. Da zarar ya ga hancin wani jirgi ya wuce taku biyu daga gefensa, sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Kuma yawancin kamfanonin inshora ba sa biyan ɓarnar doguwar sandar jirgi da filafilai a lokacin tsere sai ka ƙara kuɗi. Wa zai so?

Sai batun mutane. Yawo kai da iyalinka kun isa, tsere kuwa sai ka tara mutum biyar ko shida duk yammacin Laraba, wani ya ce aiki, wani ya kashe waya.

Waɗanda suka daure suka shiga, hannunsu kan faɗa da wuri. A yawo, iska ta mutu sai ka kunna inji; a tsere dole ka san igiyar da za ka saki da inda ruwa ke janka. Shi ya sa tseren kewaya tsibirin Wight da ke bakin mashigin Solent, wanda aka fara a 1931, kimanin mil 50 na teku, yake cika da jiragen iyali, sau da yawa sama da dubu.

In kana sha'awa, fara hawa jirgin wani tukuna, kullum neman hannu suke yi. Daga nan ka shiga rukunin da ba a ɗaga babban filafilin nan mai kumbura, ka tsaya bayan layi ka bar masu zafin kai su wuce.