Bindiga mai maɓalli dama da hagu: amsar maƙeri ga yaronsa

Ajiye zugazugin nan ka matso, yaro. Ka tambaye ni a kan bindigar da ka gani a waya, irin wadda mutanen Amurka ke gasar harbi da farauta da ita, wadda aka sa wa maɓallin sakata ta dama da ta hagu, sakatar nan kuwa ita ce ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu. Kana so ka sani ko abin yana da amfani, ko kuwa ƙawa ce kawai don a ƙara mata kuɗi. Yana da amfani. Sai dai ba a inda kake zato amfanin yake ba.

Kafin in dawo maƙerar gidanmu na yi aikin gyaran makamai a bariki, kuma a can na gane cewa kowace bindiga an ƙera ta ne da wani jiki a zuciyar maƙerinta. Bindigogin soja irin FN da G3, mariƙin da ake ja a ɗana su yana hagu. Ta Kalashnikov nata yana dama, makullin da ke hana ta tashi ma yana dama. Duk waɗanda suka zana su mai hannun dama suka hango, ya kafa gindi a kafaɗar dama, ya leƙa da idon dama. Bahago sai dai ya yi haƙuri ya koya.

Wadda ka gani ɗin jikar AR-15 ce, wadda Eugene Stoner ya zana a kamfanin ArmaLite wajen ƙarshen shekarun 1950, kamfanin Colt ya saye haƙƙinta a 1959, sojan Amurka suka karɓe ta da sunan M16. Ta farar hula harbi ɗaya take yi duk jan kunama ɗaya. A cikinta akwai sakata, ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya rufe bayansa. In harsashi ya ƙare, wani ɗan harshe ne ke tasowa ya tare sakatar a baya, ta tsaya a buɗe. A yadda Stoner ya tsara, maɓallin wannan harshe yana gefen hagu, makullin kunama ma hagu, abin sakin gidan harsashi yana dama, kwanson da aka harba kuma ta dama yake fita.

To saurara da kyau, don nan ne mutane ke ruɗewa. Da an ce dama da hagu, sai kowa ya ce ai don bahago aka yi. Amma a batun sakata, mai hannun dama ne ya fi cin riba. Ka ɗauka bindiga ta cije masa, ko kuwa an gama harbi yana so ya buɗe ta ya nuna wa na kusa da shi cewa babu komai a ciki. Dole hannu ɗaya ya ja mariƙin ɗanawa baya, ɗaya hannun ya danne maɓallin da ke hagu. Ke nan hannun dama ya bar mariƙinsa, gindin bindiga ya sauko daga kafaɗa, idon mutum ya koma kan ƙarfe yana lalube. A wannan ɗan lokacin bakin bindiga yawo yake yi, kuma mai ita bai ma sani ba. Na sha ganin haka da idona: mutum ya sunkuya yana fama da abin da ya cije, bakin yana kallon gwiwar abokinsa. In akwai maɓalli a dama, ɗan yatsansa manuni ya isa ya danna shi, hagu ta ja baya, bindiga tana nan a kafaɗa tana kallon inda ya kamata ta kalla. Masu gasa za su ce maka sauri suke saye, tun da su da agogo ake auna su. Ni a wurina wannan tsayuwar bakin ta fi saurin daraja nesa ba kusa ba, domin bindiga ba ta san na gida ba.

Shi bahago, maɓallin sakata na asali bai cika damunsa ba, yatsan hagunsa na iya kaiwa gare shi. Abin da ke ba shi wuya makulli ne. Babban yatsansa yana zagayowa ta dama, makulli kuwa yana hagu, sai ya saki riƙo ko ya murɗa hannu kafin ya rufe. Mutum kuwa in abu yana ba shi wuya, a hankali zai daina yi, sai ka same shi yana tafiya da bindiga ba a kulle ba. Wannan shi ya sa in za a tambaye ni wanne za a fara sa wa bahago, makullin gefe biyu zan ce, tun kafin a zo kan sakata.

Akwai kuma abin da maɓalli ba ya gyarawa ko guda nawa aka jera. Kwanso da zafinsa yake fita ta dama, fuskar bahago kuma a can take. Shi ya sa a samfurin M16A2 na shekarun 1980 aka ƙara wani ɗan tudu a bayan ƙofar da kwanso ke fita, ya buge shi ya kauce wa fuska. Daga baya wani kamfani a Amurka, Stag Arms, ya yi suna da ƙera wadda aka juya ta gaba ɗaya, tana zubar da kwanso ta hagu. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne a duniya, ka ga kasuwa ce ba ƙarama ba.

Yanzu ɗaya gefen. Duk ƙarfen da ka ƙara a jikin na'ura ka ƙara wurin lalacewa. Ƙarin maɓalli ƙarin sifirin ne, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da shi wurinsa, da ƙarin ƙusa, ga ƙurar hunturu irin tamu da ba ta barin ko kafar allura. Abin da ya fito waje kuma yana saƙale riga ko ciyawa, ya motsa ba da sanin mai shi ba. Wanda na fi ƙi shi ne irin wanda ake saye daban a ɗaura, wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke ratsowa daga hagu ya leƙo ta cikin zoben kunama. Aikinsa yana yi, ban musa ba. Amma yana koya wa yatsa shiga zobe a lokacin da ba harbi za a yi ba, kuma tsakaninsa da kunama bai kai faɗin yatsa ba. Masu koyar da harbi da yawa ba sa son sa saboda haka, ni ma ina bayansu. Wanda aka ƙera tun daga masana'anta, maɓallin yana sama, nesa da kunama, shi ne na kirki.

Ka san dai wannan bindiga ba za ta shigo maƙerarmu ba, kuma ranar da wani ya kawo maka irinta a buhu, ka ce masa ya ƙara gaba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa su kashi uku: na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta irin mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ta cewa a kanta. Ƙira da gyara su ma sai da izini. A wannan zamani da ake ciki, wanda ya yi wasa da wannan ya ja wa kansa da garinsu.

Amma tunanin da ke bayan abin namu ne tun kaka da kakanni. Ka tuna laujen da muke yi wa bahago lokacin yankan shinkafa a fadamar Haɗeja? Karkatarsa daban, gefen da muke wasawa daban. In ka ba shi na dama zai yanka, amma kafin la'asar wuyan hannunsa ya gaji, damin maƙwabcinsa ya ninka nasa. Bindigar toka ta maharbanmu ma haka take. Inda wuta ke tashi yana gefen dama. Mai dama kumatunsa na hagun katako, katakon ya ɗan kare shi. Bahago kuwa idonsa yana layi ɗaya da tartsatsin, damtsensa na dama kuma yana ƙarƙashinsa. Dubi hannun tsofaffin maharba bahagwai in sun zo gaishe da Sarkin Baka, wani za ka ga ɗigo-ɗigon baƙin albarushi a fatarsa wanda wanka ba ya fitarwa.

Gane bahago a garuruwanmu ma sai an lura. Tun yana ƙarami an hana shi cin tuwo da hagu, an hana shi miƙa abu da ita, a makarantar allo an mayar da alƙalami dama. In ka tambaye shi zai ce maka shi na dama ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kada ka tsaya ga bakinsa. Miƙa masa masaba ka ce ya buga maka ƙusa, ko ka sa ya jefi kuka da dutse, hannun da zai fito shi ne na gaskiya.

Sannan ido. Hannu da ido ba kullum suke gefe ɗaya ba, akwai mai hannun dama da idon hagu ne ke jagorantarsa, kuma a wurin saiti ido ne gaba. Gwada yanzu. Miƙe hannuwanka biyu, haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakiya, ka leƙa hasumiyar masallacin can da idanu biyu a buɗe. Rufe na hagu. In hasumiyar tana nan cikin kafar, idon dama ne naka. In ta ɓace, na hagu ne, kuma duk ranar da ka bi maharba daji da halastacciyar bindiga, kafaɗar hagu ce ta dace da kai ko da da dama kake rubutu.

Me ka gani? Ta ɓace? To zo ka riƙe awartakin nan da dama, ka ɗauki masaba da hagu, in ga yadda bugunka zai sauka a kan uwar maƙera.