Ƙara Girman Inji a Mota Mai Turbo: Bori Ko Dogon Kiranshaf?

Tambaya: Maigida, an kawo mana mota mai injin Mitsubishi 4G63, lita 2, mai turbo. Mai ita na kukan cewa ba ta da ƙarfi a ƙasa, sai allurar zagayen inji a minti ta haura 4000 take farkawa, kuma a titi yake hawanta kullum, ba a filin tsere ba. Yana so a ƙara wa injin girma. In mun yi masa bori, wato faɗaɗa ramin silinda, ya wadatar, ko sai an taɓa kiranshaf?

Ɗana, bori kaɗai ba zai biya masa bukata ba. Ɗauko biro ka lissafa da hannunka. Girman inji shi ne faɗin silinda sau kansa, sau 0.7854, sau tsawon tafiyar fistin, sau yawan silinda. Wannan injin faɗinsa milimita 85 ne, tafiyar fistin 88, silinda 4, shi ya ba da cc 1997. In ka yi bori ka ƙara rabin milimita, ya koma 85.5, za ka samu 2021. Ribar cc 24 ke nan, kashi 1 cikin 100 da ɗan ɗoriya, direba ba zai ma ji ta a ƙafarsa ba. In kuwa ka ce za ka ci bango da yawa don neman girma, ka rage kaurin ƙarfen da zai riƙe matsin turbo, ka kuma matse wurin zaman gasket tsakanin silinda da silinda. Bori na gyaran bango ne da ya ci, ba na neman ƙarfi ba.

Girman gaske a kiranshaf yake. Ƙanensa 4G64, mai lita 2.4, tafiyar fistinsa milimita 100 ce, kuma kiranshaf ɗinsa na zama a bulok ɗin 4G63 muddin zamaninsu ɗaya, wato mai ƙusa 6 a filawil da mai 6, mai 7 da mai 7. Da shi, a faɗin 85 za ka samu cc 2270, a 85.5 kuma 2297. Wannan ne ake kira 2.3. Ƙarin ya kai kusan kashi 14 cikin 100.

To, kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka gane abin da wannan kashi 14 ke sayowa, don nan ne masu mota suka fi ruɗewa. Ƙarfin murɗa na bin yawan iskar da silinda ta haɗiya a kowane zagaye. In burin mutum kawai allurar ƙarfi ta kai ƙololuwa mai tsawo, turbo zai ba shi wannan a sauƙaƙe: injin da ke kan bar 1 na matsin turbo (bar ma'aunin matsi ne), haɗe da iskar duniya bar 2 ke nan, ƙarin kusan bar 0.3 kacal ya ba shi kashi 14 ɗin. Amma turbo ba ya aiki sai hayaƙi ya juya shi, a ƙasa kuwa hayaƙin bai isa ba. Babban inji yana ba da ƙarinsa tun daga tashi, kafin turbo ya ce uffan, sannan yana tura masa hayaƙi fiye da da. Turbon da ke cika a 4000 zai iya cika a wajen 3500. Wannan shi ne maganin kukan mutumin nan, kuma a titi, inda ake yawan tashi da tsayawa da wuce babbar mota, wannan zagaye 500 ya fi dawaki 30 na can sama amfani.

Abin da ba zai samu ba shi ne ƙarin dawaki masu yawa a sama. Iyakar ƙarfin doki na hannun iskar da turbo da tof silinda za su iya wucewa da ita. In turbon bai canja ba, zai kai iyakarsa da wuri, ƙarfin ya dawo ƙasa, sama kuma ya shaƙe. Ka faɗa wa mai motar wannan tun yanzu, kada ya dawo yana cewa an rage masa gudu.

Yanzu ga inda aikin yake da haɗari. Tafiya ta ƙaru da milimita 12, ma'ana fistin zai ƙara hawa 6 ya ƙara sauka 6. In ka mayar da tsohon fistin, kansa zai leƙo saman bulok da milimita 6 ya daki tof. Don haka ana sayen fistin na musamman wanda aka ɗaga ramin fil ɗinsa sama da milimita 6, kanektin rod kuma ya tsaya a tsawonsa na 150. Sai dai rabon rod da tafiya ya sauko daga 1.70 zuwa 1.50. Rod zai riƙa kwanciya gefe sosai, fistin na goga bango da ƙarfi, bango da siket, wato gindin fistin, na saurin ci. Ga motar titi ana jure wannan. Mai son kauce masa yakan ɗauki bulok ɗin 4G64 gaba ɗaya, wanda ya fi tsayi da milimita 6, don ya samu sa rod mai tsawo, amma wannan na jawo canjin bel ɗin tayimin da sake saita kam.

Sai matsin silinda, wanda yara da yawa ke mantawa da shi har inji ya tarwatse. A ce injin na kan 8.8 bisa 1. Kowace silinda na share cc 499, ɗakin ƙuna kuma cc 64 ne. Ka sa dogon kiranshaf, sharar ta koma 567, ɗakin bai canja ba, matsi ya haura kusan 9.9 bisa 1. Da fetur na gidan mai da matsin turbo a kai, man zai riƙa fashewa da kansa ba kan ƙa'ida ba, ka ji ƙarar nan ta kas-kas, daga nan sai gefen fistin ya ɓalle. Domin ka dawo 8.8, ɗakin na bukatar kusan cc 73, wato kwarmin kan fistin ya ƙaru da cc 9. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Auna ɗakin tof da sirinji da farantin roba mai huji, ka haɗa da kaurin gasket da kwarmin fistin. Kuma kada ka rage matsi da gasket mai kauri: tazarar gefen fistin da tof ta tsaya wajen milimita 0.9 zuwa 1.0, domin ita ke cakuɗa mai da iska ta hana fashewar banza. In ka buɗe ta, ka rage matsi a takarda amma ka ƙara wa injin son ƙwanƙwasa.

Gudun fistin ma ya canja. Lissafinsa tafiya a mita sau 2, sau zagaye a minti, a raba da 60. A 7500, tsohon kiranshaf na ba da mita 22 a daƙiƙa, sabon kuma 25. Ka sauko da iyakar zagaye zuwa 7000 ko ƙasa, don a 6600 ne sabon yake daidai da wahalar tsohon.

Wajen haɗi, ka fara da gwajin bushe. Sa kiranshaf da metal, wato biyarin da yake juyawa a kai, ɗaura rod da fistin ba zobe, ka juya a hankali da hannu. Duba inda kan ƙusar rod ke wucewa kusa da gindin silinda da kwanon mai, ka tabbatar akwai aƙalla milimita 1.5 ta ko'ina. Inda babu, a ci kaɗan da gurinda, a wanke bulok sarai, har cikin hanyoyin mai. Duba ƴan bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin, domin siket yanzu na sauka ƙasa ya iya karya su. Ni ban yarda da cire su a motar titi mai turbo ba, su ne ke sanyaya kan fistin. Gara a sayi fistin mai gurbin su.

Kada a yi bori sai fistin na hannu, mai injin bori ya auna kowanne. Fistin bugagge, wato wanda aka ƙera da bugu ba da zubi ba, iri biyu ne bisa lambar alminiyon da aka yi shi da shi. Mai lamba 2618 ya fi jure duka, amma yana kumbura da zafi, yana son tazarar kusan milimita 0.09 zuwa 0.11, da sanyin safiya kuma za ka ji yana kaɗawa. Mai lamba 4032 na da silikon da yawa, ba ya kumbura sosai, ana matse shi zuwa wajen 0.06, ya fi shiru ya fi daɗewa. Ga motar hawan kullum mai matsakaicin matsi, 4032 nake zaɓa. Takardar maƙerin fistin ita ce alƙali a kan kowace tazara. A yi gogen ƙarshe da farantin ƙarfe ɗaure a saman bulok kamar tof, don ƙusoshi na murɗe silinda in an ɗaure su. Bakin zoben sama a faɗin 85.5 ya kai wajen 0.45, na biyu ya ɗara shi kaɗan, wajen 0.50. In ka bar bakin a matse, zafi zai haɗe shi, zoben ya ɗaga ya fasa fistin. Metal kuma ka bi ƙa'idar kusan 0.025 ga kowace milimita 25 ta kaurin wuyan kiranshaf, wato wajen 0.05 a nan, kuma da maikuromita za ka auna, ba da ido ba. A daidaita nauyin fistin da rod su zo cikin giram 1 da juna, a yi balans ɗin kiranshaf tare da filawil da murfin kuloci, don mai silinda 4 a jere na ƙara girgiza in tafiya ta yi tsawo.

Kanektin rod na kamfani kada ya koma ciki. Abin da ke lanƙwasa rod ba dawakin sama ba ne, matsin silinda ne mai yawa a ƙaramin zagaye, kuma shi ne ainihin abin da ka je ka ƙirƙiro. Sa bugaggun rod da ƙusoshi masu kyau, ka ɗaure su da auna miƙewar ƙusa in kana da ma'aunin. Kuloci ma da ƙarfin murɗa ake zaɓensa. Tsohon zai fara santsi a giya ta huɗu da ta biyar.

Kada motar ta hau titi da tsohon saitin kwamfuta. Sai an sake shi a kan na'urar gwaji, da ma'aunin hayaƙi mai nuna rabon iska da fetur da abin sauraron ƙwanƙwasa. A cikakken matsi, rabon iska da fetur ya zauna wajen 11.5 bisa 1, nozul kada su wuce kashi 85 na buɗewarsu, in sun wuce a sa manya a duba famfon mai. Mai saitin ya ja tayimin baya a inda turbo ke cika, ya kuma hana matsin faɗowa gaba ɗaya a 3000, ya bar shi ya hau a hankali. Kilomita 800 na farko a yi su da baƙin mai na gargajiya, ana sauya zagaye ana sakin totur a giya don zobe ya zauna, a zubar da man farko da wuri a yanka filta a duba ko akwai garin ƙarfe.

Kafin duk wannan, gobe ka fara matsa iska a bututan turbo ka nemi yoyo, ka duba ko ƙofar hayaƙin turbo na rufewa ruf, ka auna matsin kowace silinda, ka kuma karanta lambar turbon da ke kai. In wani ya ɗora masa turbon da ya fi ƙarfin lita 2, mayar da shi madaidaici zai iya dawo da zagaye 500 ɗin nan ba tare da an sauke inji ba. In duk waɗannan lafiya suke kuma injin dama ya isa a kwance shi, to ka rubuta masa jerin kayan 2.3 ka kawo mini in duba kafin a saya.