Wane littafi zan saya don sanin aikatau na Ingilishi da takwarorinsu na Faransanci?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Garwa, ina shirin jarrabawar bakaloriya, kuma Ingilishi ne ke ba ni wahala. Sefa dubu goma ke hannuna. A wurin masu sayar da littattafai na ga wani ɗan littafi mai araha da ya jero aikatau na Ingilishi, kowanne da fassararsa guda ɗaya a Faransanci, ga kuma babban ƙamus na hannu wanda zai cinye kuɗin duka. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗana, ɗauki ƙamus ɗin, ko da bangonsa ya yage, muddin shafukansa sun cika. Ɗan littafin nan zai koya maka cewa kowane aikatau na Ingilishi yana da takwara guda a Faransanci, alhali aikatau da aka fi amfani da su kullum su ne suka fi yawan ma'anoni. Dubi "get". A "get a letter" ma'anarsa "recevoir", wato samun wasiƙa. A "get tired" yana nufin shiga halin gajiya, "se fatiguer". A "get to Maroua" kuwa "arriver" ne, isa Marwa. Idan kuma mutum ya ce "I get it", "je comprends" yake nufi, na gane. Jerin da ya rubuta maka "obtenir" kaɗai ya bar ka da ma'ana ɗaya cikin masu yawa, kuma ranar jarrabawa ba lallai ba ne ita za ta fito.

Hausarka ma za ta taimake ka a nan fiye da yadda kake zato. Mu muna cewa "yi" a inda Bafaranshe ke cewa "faire", amma Ingilishi ya raba shi gida biyu, "do" da "make". A wajen "sani" kuwa Ingilishi ne ya yi daidai da mu da "know" guda ɗaya, Faransanci ya raba shi zuwa "savoir" na sanin abu ko iya shi, da "connaître" na sanin mutum ko wuri.

Abin da ya fi damuna game da ɗalibanmu shi ne kalmomin da Faransawa ke kira "faux amis", masu kama da juna a rubutu amma ma'anarsu ta sha bamban. Suna da yawa ne saboda tun bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a shekarar 1066, kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, daga baya kowane harshe ya bi hanyarsa da su. "Attend" halarta ne, "assister à", ba "attendre" na jira ba. "Demand" nema ne da ƙarfi, "exiger", yayin da "demander" tambaya ce ko roƙo cikin ladabi. "Rest" hutawa ne, "rester" kuwa zama ne a wuri. Na taɓa ganin takardar da wani yaro ya aika wa kawunsa a Yola yana cewa "I passed my exam", shi kuwa abin da yake nufi shi ne ya zauna jarrabawar, kamar yadda ake cewa "passer un examen". Kawun ya ɗauka yaron ya ci, ya sanar da dangi, sai da sakamako ya fito aka gane inda kuskuren yake. Ban manta da kunyar da na gani a fuskar yaron nan ba, kuma ba laifinsa ba ne, babu wanda ya taɓa nuna masa cewa "pass" na Ingilishi shi ne "réussir".

Kafin ka biya kuɗi, buɗe ƙamus ɗin a gaban mai shi ka nemi "get" da "take". Idan ka ga an lissafa ma'anoni da lambobi, kowace da jimlar misali, kuma an kawo irin su "give up" da "look after" a ƙarƙashin aikatau ɗinsu, to ƙamus ne na kirki. Robert & Collins, Harrap's da Larousse duk suna da bugu na ɗalibai masu wannan tsari. Ka kuma duba tsakiyar littafin sosai, domin wasu kwafe-kwafen da ke yawo a kasuwa rubutunsu a dushe yake, wasu ma akan tarar da shafuka sun ɓace.

Tambaya: Malam, 'yata tana makarantar sakandare mai harsuna biyu a Ngaundere. An ce in saya mata Bescherelle. Shin zai wadatar da ita a Ingilishi?

Amsa: Hajiya, Bescherelle mai jan bango da aka fi sani littafi ne na sarrafa aikatau na Faransanci, kuma a wannan fannin yana da amfani ƙwarai, saboda aikatau na Faransanci yana sauya ƙarshensa bisa mai yin aikin da lokacin aikin. Ingilishi ba haka yake ba: aikatau mai bin ƙa'ida siffa huɗu kawai gare shi, kamar "work, works, worked, working". Wahalar tana ga masu saɓa ƙa'ida, irin su "go, went, gone" da "buy, bought, bought", kuma jerinsu yana nan a ƙarshen yawancin ƙamusai da littattafan aji. Ki saya mata Bescherelle don Faransancinta, wanda a Kamaru ba za ta iya rabuwa da shi ba tunda shi da Ingilishi ne harsunan gwamnati, sannan ta riƙa haddace biyar-biyar daga wancan jerin tana sa kowanne cikin jimla.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Njamena, ina karɓar saƙonni da Ingilishi daga masu aiko mini da kaya. Manhajar fassara ta waya ta ishe ni, ko sai na sayi littafi?

Amsa: Alhaji, don karanta saƙo manhaja ta isa, kuma Google Translate yana ba da damar sauke harsunan a waya don aiki ba tare da intanet ba. Sai dai ka riƙa sa masa cikakkiyar jimla, domin idan ka ba shi kalma ɗaya tilo ba zai san wace ma'ana kake nema ba. Akwai kuma aikatau da ya kamata ka riƙe a ka tunda kuɗi ke bin bayansu: "borrow" shi ne "emprunter", kai ne ka karɓi aro ko rance, "lend" shi ne "prêter", kai ne ka bayar, "owe" kuwa "devoir" ne, ana bin ka bashi. Idan takardar ta shafi adadin kuɗi ko ranar biya, ka kai wa wanda ya iya harsunan biyu ya karanta maka ita kafin ka sa hannu.