Tambaya da Amsa: Evan Jones, ɗan manomin ayaba da ya rubuta fim ɗin Pele

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce mini mutumin Jamaika ne, kuma sha'iri, ya rubuta fim ɗin nan na fursunonin yaƙi masu buga ƙwallo da Pele ya fito a ciki. Da gaske ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka gaya maka. Fim ɗin shi ne Escape to Victory na 1981, Evan Jones ya rubuta shi tare da Yabo Yablonsky. An haifi Jones a yankin Portland na gabashin Jamaika a 1927, ya rasu a 2023. Mahaifinsa manomin ayaba ne. Ya yi karatu a Munro a gida, sai Haverford a Amurka, sai Oxford a Ingila. A Jamaika da waƙarsa "The Song of the Banana Man" aka fi saninsa, inda manomin ayaba yake mayar wa Bature ɗan yawon buɗe ido martani a kasuwa, da harshen talakan ƙasar, ba ya jin kunyar tufafinsa balle sana'arsa. A 1975 kuma ya rubuta wa BBC shirin The Fight Against Slavery kan yaƙi da cinikin bayi.

Tambaya: Ina koyon rubutun fim. Yawancin finafinan Jones daga littattafan wasu ya ɗauko su. Yaya ake wannan aikin?

Amsa: Malama, fara da lissafi. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, ke nan shafi 90 zuwa 120 kike da su. Littafi mai shafi 300 sai kin zubar da fiye da rabinsa. Ki taƙaita labarin a shafi biyu, ki jera fitowa 40 zuwa 60 kowace a layi ɗaya, duk wadda ba ta canza komai ba ki soke ta. Zancen 'yan wasa shi ne na ƙarshe da za ki rubuta.

Inda sababbin marubuta suke tuntuɓe shi ne tunanin zuci. Littafi yana shiga zuciyar mutum, kyamara kuwa fuska da hannu take gani, sai su ɗura tunanin a bakin jarumi ya yi ta dogon bayani. Dubi King and Country na 1964, wanda Jones ya ɗauko daga wasan daɓe mai suna Hamp, Joseph Losey ya ba da umarni. Ƙaramin soja ne ake yi wa shari'a a 1917 bisa guje wa fagen daga. Ana cikin shari'ar sai a nuna abokansa cikin taɓo sun kama ɓera suna yi masa tasu shari'ar. Ba sai an ce hukuncin zalunci ne ba, mai kallo ya gani da idonsa. A ganinmu wannan ne aikinsa mafi ƙarfi, ya fi fim ɗin Pele nesa ba kusa ba.

Ki kuma sa a yarjejeniya, a rubuce, wa yake da ikon gyara da yadda sunanki zai fito. Fim ɗin Eva na 1962, da Jones ya yi wa Losey aiki a kai, furodusoshi sun datse shi sosai kafin ya isa silima, darakta ma bai iya hana su ba.